Ranar da muka je kallon tseren ƙananan motoci a Brands Hatch

Baban Ilham: Assalamu alaikum mutanen gida. Tun jiya Oga Sale yake damuna a waya wai sai na ba da labarin inda muka je ran Lahadi, to bari in zube shi a nan kowa ya ji in huta. Kun dai san 'yar motar nan tawa Mini wadda Kawu yake kira kwalin ashana. To akwai ƙungiyar masu irinta a nan yankinmu da na shiga bara, yawancinsu dattawan Turawa ne 'yan fansho, baƙo a ciki daga ni sai wani Ba'indiye. Duk shekara suna haɗa kwamba a tafi Brands Hatch ranar bikin Mini, filin tseren motoci ne a Kent, kamar mil 20 daga Landan. Bayan asuba muka haɗu a wani gidan mai, mota 14, tsofaffin motoci a gaba mu masu sababbi a baya, don in ta wani ta mutu a hanya a gan shi. Muka bi M25 muka haye gadar Dartford, ana ta yi mana hon ana ɗaga mana hannu kamar masu kai amarya.

Kawu Mai 504: Wa alaikumussalam. Kai yanzu da girmanka ka kwashi iyali ka bi tsofaffin Turawa kallon kwalin ashana na gudu? To Allah ya kyauta. Ci gaba muna ji.

Abba Kwana: Yaya wai irin motar Mista Bin ɗin nan ce ake tsere da ita?? hhhh wallahi na zaci Ferrari za ka ce

Baban Ilham: Ita fa Abba, ita ɗin dai. Ni ma da wannan rainin na je. Bari ka ji. Shi filin a cikin kwari yake kamar ƙwarya, kai ɗan kallo kana daga sama a kan ciyawa, kusan duk hanyar tana gabanka. Hanya biyu gare su, doguwar ta haura mil 2, ita ce aka yi ta yin babbar gasar Formula 1 ta Birtaniya a kanta daga 1964 har zuwa 1986, amma ran nan gajerar aka bi, mil 1.2 ce kacal, wajen minti ɗaya sun zagayo. Mu aka ba mu wurin ajiye motoci a jere da sauran ƙungiyoyi, kowa ya buɗe bonet ya fito da tsumma yana goge inda babu datti. Sai dattijon da ke jagorantarmu ya ja ni ya ce zo ka tsaya a kwanar farko, Paddock Hill suke ce mata. Jama'a wannan kwana ba a faɗa. Mota tana tahowa a guje a miƙe, sai hanya ta karya dama kuma a lokaci guda ta zurma ƙasa kamar an tura ka rijiya, direba bai ma ganin inda zai sa taya sai ya shiga, daga ƙasan kuma sai ta sake hawa tudu zuwa wata matsattsiyar kwana mai suna Druids wadda sai ka juyo gaba ɗaya kamar ka yi mantuwa a gida. Da aka sake su, motoci sun fi 20 suka dunƙulo wuri ɗaya suka afka cikin gangaren nan uku uku a jere, ƙofa na gogar ƙofa, ƙara kamar an tashi gidan rina dubu, ni ban san sanda na ce innalillahi da ƙarfi ba har wata tsohuwa a gefena ta kwashe da dariya.

Maman Ilham: Ba innalillahi kaɗai ya ce ba, fulas ɗin shayi ya saki ya gangara ƙasa har gindin waya, Ilham ce ta bi shi. A faɗi gaskiya dai.

Oga Sale Bakanike: Hhhh madalla da Hajiya, da ma na san za a rage wani abu. To Alhaji ni abin da nake so in ji inji. Nawa ne ƙarfin injin da har za ta firgita ka? Don wannan motar na taɓa buɗe irinta sau ɗaya tak a rayuwata, ina yaron gareji, wani malamin jami'a ya kawo ta. Maigidana ya ɗaga bonet ya tsaya ya riƙe ƙugu, inji a kwance a gicciye, lagireto a gefe wajen taya maimakon gaba, giyabos a ƙarƙashin inji suna shan baƙin mai ɗaya. Ya ce wanda ya ƙera wannan ko dai gwani ne ko mahaukaci.

Baban Ilham: Oga Sale maigidanka ya canka, ga dukkan alamu duka biyun ne. Sunan mutumin Alec Issigonis. Bayan rikicin mashigin Suwez na 1956 fetur ya yi wuya a Ingila har da rabo ake sayarwa, sai kamfani ya ce masa yana son mota da ba ta wuce ƙafa 10 ba amma ta ɗauki mutum huɗu. Shi ya sa ya gicciye injin ya cusa giya ƙarƙashi ya tura tayoyi can ƙarshen kusurwa huɗu, tayar ma inci 10. Ta fito 1959, ba a daina ƙera ta ba sai 2000, an yi sama da miliyan 5. Ba don tsere aka yi ta ba sam, don cefane aka yi ta, sai daga baya aka lura ai ba ta da nauyi kuma a ƙasa take, kwana ba ta ba ta tsoro. Batun inji kuwa aji aji ne. Akwai Mini Seven, tun 1966 ake yin sa, injinsu 998cc ne, bai ma cika lita ɗaya ba. Sai Miglia da aka fara 1970, su nasu ya kusa 1300cc kuma tayarsu sulɓi ce babu zane. Irin tawa kuma ta zamani wadda BMW suka fara fitarwa 2001 ajinta daban, dattawan ƙungiyarmu ma ba su yarda Mini ba ce, 'yar riƙo suke ɗaukarta.

Abba Kwana: 998?? Yaya ai Corolla ɗin Umma ta kusa ninka wannan. To ina abin kallo a nan

Baban Ilham: Abin kallon ke nan Abba. Tunda injin kowa kusan ɗaya ne, doka ta ƙayyade abin da za ka taɓa da wanda ba za ka taɓa ba, babu wanda zai tsere wa wani da kuɗin ubansa. Sai hannu. Ka ga na biyu ya manne a bayan na farko kamar kaska har bamba na neman taɓa bamba, ni da na zaci neman faɗa ne, dattijon ya ce a'a iska yake ɓuya, na gaba ne yake fasa iska shi kuma yana shan inuwa, in sun fito miƙaƙƙiyar hanya sai ya zame gefe ya wuce shi. Shi kuma wanda aka wuce ya koma baya ya rama a zagaye na gaba. Akwai wata ja da wata ruwan ƙwai da na ƙirga sun yi musayar gaba sau shida a tsere ɗaya, ƙarshe ma wata shuɗiya da ke laɓe a bayansu tana kallonsu ita ta cinye, sun shagala da juna a Druids suka buɗe mata ƙofa. Wallahi na fi jin daɗinsa a kan Formula 1 da nake kallo a talabijin inda wani lokaci tun zagayen farko ka san mai ci.

Malam Na Zariya: Salamu alaikum. Na karanta tun daga sama. Ni tambayata ɗaya ce Baban Ilham, kuma ba da faɗa ba. Mutum ya sayi mota da kuɗinsa, ya ƙona fetur da taya yana zagaye wuri ɗaya, inda ya tashi nan zai dawo, bai kai kowa asibiti ba bai kai kaya kasuwa ba, ga kasadar rai a kai. Ku kuma ku biya kuɗi ku zauna kallo tun safe har yamma. In ba almubazzaranci ba mene ne sunan wannan?

Kawu Mai 504: Yawwa Malam, faɗa masa dai.

Dr. Binta: Malam Allah ya gafarta, to sukuwa fa? Doki ma inda ya tashi nan yake dawowa, kuma abin da ake kashe wa dokin hawan salla a shekara ba ƙarami ba ne. Kuma ku kuka karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya sa an yi tseren dawaki, har shi da kansa ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Ni a ganina matsalar in caca ta shigo ne ko aka bar salla.

Malam Na Zariya: Likita haka ne, tseren dawaki ya tabbata, amma a duba dalili, doki a lokacin abin hawa ne na yaƙi da tafiya, horar da shi amfani ne ga jama'a. Ban ce haramun ba fa, kar a ɗora mini. Na ce a duba kuɗin da lokacin. Kuma tunda kin ambaci salla, Baban Ilham ina aka yi azahar?

Baban Ilham: A kan ciyawa Malam, bayan motocinmu, da sallayar da ke but kullum. Dattijon ma da ya ga na shimfiɗa sai ya janye karensa can gefe ba tare da na yi magana ba. Caca kuma ban ga ana yi ba, ba kamar filin dawakinsu ba inda ita ce kan gaba. Batun kuɗi kuma ina ganin Malam yana hango masu kuɗi ne. An bar mu mun shiga bayan fage inda suke gyara, kowa da 'yar rumfarsa. Wanda na tsaya wajensa mai gyaran famfo ne, matarsa ce ke riƙe da ma'aunin iskar taya tana rubutawa a littafi, ɗansa yana ƙarƙashin mota da sifana, a tirela suka jawo ta daga gida kuma a tanti suka kwana. Ya ce mini shi ba ya shan giya ba ya zuwa hutu ƙasar waje, wannan ce shaye-shayensa. In ya ci kofi ne ɗan ƙarami, ba wani kuɗi. Ban ce ba a kashe kuɗi ba, ana kashewa sosai, amma ni na ga iyali uku a kan aiki ɗaya suna dariya hannu duk baƙin mai.

Hajiya Maman Sadik: Ni ku yi haƙuri, duk wannan labarin daɗin baki ne a kunnena. Duk abin da aka ce wasa da mota gabana faɗuwa yake. Shekara uku ke nan ɗan ƙanwata yana ɗingishi, yaro ɗan shekara tara, ya fito kallon angwaye ran ɗaurin aure a layinsu, wani ɗan gata ya zo yana juya mota yana ta da ƙura abokansa na zaune a kan taga suna ihu, mota ta ƙwace ta yi kan yara. Ƙafa ta karye biyu, wata huɗu muna jinya, iyayen wancan suka zo da lemo da ba da haƙuri aka ce ƙaddara ce a bar wa Allah. To yanzu ku zo kuna yaba wa Turawa, su Abba na karantawa, gobe ya ɗauki motar uwarsa ya ce shi ma Burans Hac yake.

Abba Kwana: Haba Anti ni me na yi kuma

Hajiya Maman Sadik: Sunan da ka sa wa kanka ma ya isa shaida.

Baban Ilham: Hajiya Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Wallahi ina tsaye a wurin nan abin da ke raina ke nan, don ni ma na ga irin wannan a gida ba sau ɗaya ba. Amma abin da na gani ran Lahadi da wancan ba su haɗa komai ba sai taya huɗu. Kafin mota ta taka kwalta sai masu bincike sun duba ta tun da safe. An cire kujerun baya da duk wani tarkace, an walda kejin ƙarfe a ciki ta yadda ko ta wuntsila rufin ba zai danne mutum ba, bel ɗin mai maɗauri da yawa ne ta kafaɗu da ƙugu, hular kwano, wani abin wuya da ke riƙe kai, kaya masu jure wuta, tukunyar kashe gobara, da makunnin da za a kashe motar daga waje. Direba sai ya ci jarrabawa ta rubutu da ta tuƙi kafin a ba shi lasin tsere, lasin titi bai isa ba. Sabon shiga kuma ana manna masa alamar gicciye baƙa a kan ruwan ɗorawa a bayan mota don a san ɗan koyo ne a yi hattara da shi. Tsakaninmu da su akwai fili na tsakuwa, sai tarin tayoyi, sai ƙarfe, sai doguwar waya. A gabana wata ta zarce a Paddock Hill ta nutse cikin tsakuwa har ciki, kafin ƙura ta lafa an ɗaga tuta ruwan ɗorawa, kowa ya sassauta babu mai wuce wani, direban ya fito da ƙafarsa yana dukan hularsa don haushi, janwe ta zo ta fitar da ita.

Dr. Binta: Duk da haka kar a ce babu haɗari. A wannan filin dai aka rasa Henry Surtees a 2009, yaro ɗan shekara 18, tayar wata mota ce ta ɓalle ta same shi a ka. Kuma ubansa John Surtees zakaran duniya ne a babur da mota duka. In akwai wanda ya san kariya ai su ne.

Baban Ilham: Gaskiya ne Likita, ba irin waɗannan motocin ba ne, nasa mai buɗaɗɗen kai ne, amma rai rai ne. A jikin tikiti ma an rubuta cewa wasan yana da haɗari. Bambancin da nake nufi, wanda ya shiga motar shi ya zaɓa da hankalinsa, ba yaron da ya fito kallon angwaye ba.

Abba Kwana: To ai maganata ke nan kullum. A ba mu fili mana! In da akwai wuri irin wannan a Kano ko Kaduna wa zai je yana yi a layi? Ga filin sukuwa nan dawaki na da nasu, 'yan ƙwallo na da nasu, mu kaɗai ne 'yan iska. Wallahi akwai yaran da in suka riƙe sitiyari sai ka rantse da shi aka haife su

Oga Sale Bakanike: Abba ɗana zauna in gaya maka. Fili shi ne mai sauƙi. Wa zai duba motar? Ni nan yaro zai kawo mini mota ya ce Oga a buɗe salansa ta yi ƙara, in ce burkinka fa ya cinye har ƙarfe, ya ce a bar shi sai wani satin. Taya 'yar gwanjo wadda ta shekara goma a wata ƙasa ita zai saya. Ran da aka ce motar ɗan wane ba ta ci binciken ba a koma da ita gida, waya ɗaya za a buga a ce a bar shi ya shiga. Kuma ku abin da kuke so a gan ku ne, 'yan mata su yi ihu. Wancan da Alhaji yake faɗa mutum na cikin hula ko fuskarsa ba a gani.

Abba Kwana: Oga ba duka aka taru aka zama ɗaya ba fa

Baban Ilham: Abba bai yi ƙarya ba, Oga Sale ma bai yi ba. Amma bari in ƙara abin da ya fi tsaya mini a rai, ya ma fi tseren. Masu ɗaga tutar nan da ke tsaye a kowace kwana cikin kaya ruwan lemo, na ɗauka ma'aikata ne. Ashe 'yan sa kai ne, ba albashi. Na yi hira da ɗaya lokacin hutun rana yana cin burodinsa a tsaye, ya ce ranakun aiki wasiƙu yake rabawa, Asabar da Lahadi kuma nan yake tun sassafe, ruwa ko rana, shekara da shekaru. Shi ya karanta mini tutocin, ja a tsaya, shuɗiya mai sauri na bayanka, mai ratsin ja da ruwan ɗorawa akwai santsi ko mai ya zube, baƙa kai direba fito an kore ka. Na ce to in direban babban mutum ne ya ƙi fita fa? Ya kalle ni kamar na yi wani yare, bai ma gane tambayar ba.

Kawu Mai 504: Hhhh ai ba zai gane ba. Amma ku yaran nan kuna magana kamar Bature kaɗai ya san tsere. Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, irinta ce ta ci gasar Safari ta Kenya a wannan shekarar, cikin taɓo da duwatsu ba kan kwalta mai sulɓi ba. Kuma a zamaninmu bikin kamun kifi na Argungu har da tseren motoci ake haɗawa. Ku kawo kwalin ashanar nan hanyar Birnin Gwari da damina mu gani.

Baban Ilham: Kawu ranka ya daɗe ba na ja da 504, amma kwalin ashanar ma ta ci gasar Monte Carlo sau uku cikin ƙanƙara da duwatsu, 1964 da 1965 da 1967. A 1966 ma ita ta zo ta ɗaya da ta biyu da ta uku aka soke su wai fitilunsu sun saɓa doka aka ba Citroën. Dattawan ƙungiyarmu har yau ba su huce ba, in kana son ka ɓata wa mutum rana ka ambaci 1966.

Ɗan Agadas: Salamu alaikum ƴan uwa, ina biye da ku tun ɗazu. Mu nan mun ga tsere da idonmu hwa, lokacin da tseren Paris Dakar ke ratsowa ta Agadas da hamadar Tenere. Muna yara mukan hita bakin gari mu ga motoci da babura da manyan kamyo sun taso da ƙura, jirage na bin su a sama, gari ya cika da baƙi kwana ɗaya ko biyu kowa ya samu ciniki. Amma maganar Hajiya gaskiya ce, don wancan ba shinge, cikin ƙauyuka suke wucewa, kuma an sha samun yaran da motocin suka kaɗe a ƙasashen da suke bi. Tun da aka soke na 2008 ba su dawo Afirka ba, suka tahi Amurka ta Kudu, yanzu kuma Saudiyya. Ni na hi yarda da irin na Baban Ilham, a killace wuri, wanda ya so ya shiga.

Hajiya Maman Sadik: To ka ji. Allah ya yi maka albarka.

Oga Sale Bakanike: Alhaji ka tsallake wani abu, a hoton da ka turo mini na ga wata koriya an ɗaga bonet a bakin hanya kuna tsaye cikin ruwa. Me ya same ta?

Baban Ilham: Kai Oga Sale idonka idon bakanike. Ta dattijon ce, ƙirar shekarun 1970, ya fi son ta da 'ya'yansa. A hanyar dawowa ruwa ya tsuge, muna cikin gosulo sai ta fara tari ta mutu. Duk kwambar muka faka. Ka san distibutarta a gaba take daf da ragar hanci, ruwa na bugowa kai tsaye yake shiga, shi kuma ya cire murfin kariyar da safe don inji ya yi kyau a wurin nuni ya manta bai mayar ba. Ni ina ta laluben lambar masu janwe, sai na ga ya buɗe but ya ɗauko safar hannu ta roba irin ta wanke-wanke, ruwan hoda, ya ciro almakashi ya datse kan yatsun biyar. Ya goge distibuta da hankici ya fesa mata maganin ruwa, ya zura wayoyin fulogi huɗu ta yatsa huɗu, wayar kwayil ta babban yatsa, ya ja safar ta rufe kan gaba ɗaya ya ɗaure. Ya ce in murza makulli. Bugu ɗaya ta tashi. Ya ce wannan dabarar ta girme ni.

Oga Sale Bakanike: Allahu akbar! Huɗu da ɗaya biyar, yatsa biyar! Wallahi wannan dattijon ɗan garejinmu ne, a gaishe shi. Gobe zan gwada a tsohuwar Fijon wani kwastoma da ke mutuwa duk damina.

Malam Na Zariya: To wannan kam ilimi ne mai amfani, ban da ja a nan. Sauran maganar tawa tana nan dai.

Maman Ilham: Malam ka riƙe ta da kyau don ni ma zan buƙace ta. Bai gaya muku an bar ƙungiyoyi sun zagaya filin da motocinsu ba, a hankali a bayan motar jami'ai, an ce babu wuce juna. Muna zuwa gangaren nan cikina ya tashi sama kamar lilo, shi kuwa sai murmushi yake yana cewa Maman Ilham kin ji yadda ta riƙe ƙasa. Tun ranar yake duba farashin hular kwano a waya yana zaton ban gani ba. Ita kuma Ilham an gaya mata Lewis Hamilton yana ɗan shekara 8 ya fara da 'yar ƙaramar motar kat, yanzu ta ce saura wata biyar ta cika takwas.

Hajiya Maman Sadik: Kar ki yarda wallahi. 'Ya mace ma?

Dr. Binta: Hajiya in dai haɗarin ne ai bai san mace ko namiji ba. Akwai mata a cikin masu tseren ai, ko Baban Ilham?

Baban Ilham: Akwai Likita, na ga sun cire hula gashi ya zubo. Amma ni ban ce zan saya komai ba fa jama'a, dubawa kawai nake. Inshorar motata ma ba ta ɗaukar tsere, in na fasa ta a can daga aljihuna ne.

Abba Kwana: Yaya in ka saya ka ajiye mini tsohuwar hular

Sani Landan: Sai yanzu na shigo, na sha karatu. Baban Ilham labari ya yi daɗi, baɗi in Allah ya kai mu a sa da ni ko a kujerar baya ne. Amma tsaya, ka ce ta Dartford kuka bi, gada a tafiya rami a dawowa. Ka dai biya kuɗin haye ko? Ka san babu shingen karɓar kuɗi yanzu, kyamara ce ke ɗaukar lamba, ta intanet ake biya kafin sha biyun daren washegari. Yau Talata fa.

Maman Ilham: Baban Ilham?

Maman Ilham: Ina ganinka a falo kana karantawa, ka amsa mana.

Baban Ilham: Ina zuwa.

Kawu Mai 504: Hhhhh a ƙara a lissafin Malam.